Ɓarawo a Gaban Kyamara: Abin Ɗauka da Abin Bari a Ƙananan Fina-finan Fashi na Birtaniya



Gabatarwa

Wanda ya tsaya a shagon caji da turin fina-finai a Kalgo ko a Gwandu bayan la'asar, ya san abin da samari ke nema. Yaro zai miƙa wayarsa ya ce a zuba masa mai zafi, wato na 'yan fashi, ko na Amurka ko na Indiya mai fassara. Cikin waɗannan samari akwai waɗanda suka fara ɗaukar nasu da waya suna ɗorawa a YouTube da TikTok, kuma jarinsu bai wuce kuɗin data da na abincin rana ba. Saboda su na zaɓi in yi magana a kan wani reshe na fina-finan Birtaniya da aka gina a kan ƙaramin jari, wato fina-finan da labarinsu ke zagaye da shirya sata ko fashi. Abin da nake son kafawa shi ne, ƙarancin kuɗi ya amfani waɗannan fina-finai ta fuskar rubutu da harshe, amma da yawansu sun faɗi a wuri guda: sun ƙawata ɓarawo, sun mance da mai kaya.

Yadda ake gina irin wannan fim

Labarin fashi yana zaune ne a kan duwatsu uku, kamar tukunya a murhu. Na farko haɗa ƙungiya da ƙulla shiri. Na biyu daren aiki. Na uku rabon ganima, inda amana ke karyewa. Turawan Ingila sun daɗe suna dafa wannan tukunya. A 1951 kamfanin Ealing ya fitar da The Lavender Hill Mob, labarin wani ma'aikacin banki mai sanyin hali da ya sace zinaren da aka ba shi amana, aka narke shi aka mayar da shi 'yan gumakan hasumiyar Eiffel don a tsallaka da shi Faransa. Rubutun wannan fim ya ci kyautar Oscar. Tun daga nan ake gane cewa abin da ke riƙe mai kallo shi ne dabara da halin mutane, harbe-harbe ƙari ne kawai.

Inda ƙarfinsu yake

Ƙarfi na farko shi ne rubutu. A 1998 Guy Ritchie ya fitar da Lock, Stock and Two Smoking Barrels da jarin da ake ƙiyastawa a wajen fam miliyan ɗaya, fim ɗin kuma ya mayar da ninkin-ba-ninkin. Abokai huɗu ne suka haɗa fam 25,000 kowanne, suka tura gwaninsu caca, aka yi masa maguɗi ya dawo da bashin fam 500,000 da wa'adin mako guda. Ta jikin bango suka jiyo maƙwabtansu na shirya fashi, sai suka yanke shawarar su yi wa 'yan fashin fashi. Dubi yadda aka rufe shi. Ɗayansu na rataye a kan gada zai jefa tsofaffin bindigogi biyu cikin kogi, bai san su kaɗai ne dukiyar da ta rage musu ba, wayarsa na bakinsa tana ƙara, abokansa na kira su hana shi. A nan aka yanke. Gada ɗaya, waya ɗaya, mutum ɗaya, amma mai kallo ya tashi da zullumi.

Ƙarfi na biyu shi ne harshe da unguwa. 'Yan wasan suna magana da bakin gabashin Landan, da zaurancensa da baƙar maganarsa, ba su ari Turancin Amurka ba. Jason Statham ya taɓa tallar kaya a bakin titi kafin ya shiga wannan fim, Vinnie Jones kuwa ɗan ƙwallo ne. Ba a biya su kuɗin taurari ba, kuma fuskokinsu sun dace da lungunan da aka ɗauka.

Ƙarfi na uku shi ne tattali. A shekarar nan ta 1998 Christopher Nolan ya fitar da fim ɗinsa na farko, Following, labarin wani matashi da ya faɗa hannun ɓarawo mai fasa gidaje. Kuɗinsa kimanin dala 6,000 ne, baƙi da fari aka ɗauka, a ranakun hutun mako, domin 'yan wasan duk suna da aikin yi. Sai sun maimaita kowace fitowa har ta zauna kafin a kunna kyamara, saboda fim ɗin ɗauka tsada gare shi. Wanda ya san gishirinsa kaɗan ne ba ya barbaɗa shi a ƙasa.

A Sexy Beast na shekarar 2000 kuma, wanda Jonathan Glazer ya ba da umarni, fashin kansa ɗan gajere ne. Mafi yawan fim ɗin zama ne a wani gida a Sifaniya, inda Ben Kingsley ya matsa wa tsohon ɓarawo da ya yi ritaya lamba sai ya koma sana'a. Tsoron da ke cikin zaman nan ya fi na bindiga goma.

Inda suka yi rauni

Rauni na farko kwaikwayo ne. Da aka ga Ritchie ya ci riba, sai kasuwa ta cika da 'yan'uwan fim ɗinsa, irin su Love, Honour and Obey da Rancid Aluminium, dukkansu na 2000, waɗanda masu sharhi suka yi wa kaca-kaca. An kwashi ashar da laƙabobi da kiɗa, an bar ƙullin labari. Mu ma mun san wannan cuta. Bayan fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, fina-finan Kano nawa ne suka fito da rawa da waƙa iri ɗaya?

Rauni na biyu gaggawa ce. A hutun Ista na 2015 wasu dattawa suka huda katangar kankare mai kaurin kusan rabin mita a unguwar Hatton Garden ta Landan, suka kwashe kayan da aka ƙiyasta a fam miliyan 14. Jagoransu yana da shekara 76. Kafin ƙarshen 2018 an yi fina-finai uku a kan wannan sata. Biyu na farko masu ƙaramin jari ne, aka yi rige-rigen kai su kasuwa tun labarin bai huce ba, tuwon ya fito da gari-gari.

Rauni na uku shi ne babba, kuma a nan nake son mu daɗe. A Agustan 1963 aka tare jirgin ƙasa mai ɗauke da kuɗi daga Glasgow zuwa Landan, aka sace fam miliyan 2.6. An bugi direban jirgin, Jack Mills, da ƙarfe a ka, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 1970. Da aka zo yin fim ɗin Buster a 1988, sai aka mayar da ɗaya daga cikin ɓarayin mutumin kirki mai son matarsa, abin da ya tayar da ƙura har Yarima Charles da Gimbiya Diana suka janye daga bikin buɗe shi. Haka akwatunan ajiyar da aka fasa a Hatton Garden, da yawansu na ƙananan 'yan kasuwar gwal ne, amma kyamara tana wurin dattawan da barkwancinsu. Mata ma a irin waɗannan fina-finai ba su wuce matar gida mai kuka ko budurwar ado ba. Mai kallo yana fita ya san sunan kowane ɓarawo, bai san sunan ko mutum ɗaya da aka raba da guminsa ba.

Mu da namu

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. Marigayi Muhammadu Gambo na Fagada, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ɗan jihar Kabi ne. Mutane sun saurare shi saboda hikimar harshensa da sanin sirrin sana'ar dare, wasu kuma sun zarge shi da zuga ɓata-gari, shi kansa daga baya ya bayyana tubansa kafin rasuwarsa a 2016. Kafin shi akwai Gizo a tatsuniya, wanda wayonsa ke ba yara dariya, amma sau da yawa ƙarshensa kunya. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa labarin ɓarawo yana da daɗi, ya kuma san cewa kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Sai dai halin da muke ciki ya fi na Landan nauyi. A Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A shekarar ce Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 kuma ta sake yin irin wannan hani a kan na daba. Ana iya fahimtar dalilinta. Amma rufe ido ba ya hana gari wayewa, kuma samari za su ci gaba da kallon na ƙetare, inda ba mai tace musu komai. A ganina, abin tambaya shi ne a gefen wa kyamara ta tsaya.

Shawarwari

Ga matashin da ke son gwadawa, abu huɗu nake ba da shawara. Ka kashe wata uku a rubutu kafin ka kashe kwana uku a ɗauka. Ka bar 'yan wasanka su yi bakin garinsu, domin Kabanci da Sakkwatanci suna da gishirin da ba a cika ji a fina-finan Kano ba. Ka yi amfani da abin da ke gabanka: tashar mota, fadamar shinkafa, rumfar mai shayi, rumbun albasa, duk ba a biyan haya mai yawa a kansu. Na huɗu, ka ba wanda aka zalunta suna da gida da murya. Ɗauki misalin manomin da ya sayar da buhunan shinkafarsa, ya ƙulle kuɗin auren 'yarsa a ƙasan akwati, aka wayi gari babu. Idan ka nuna mana daren ɓarayin, ka nuna mana safiyar wannan bawan Allah, lokacin da surukai ke sallama a ƙofar gida.

Kammalawa

Ƙananan fina-finan fashi na Birtaniya sun nuna cewa mai waya ɗaya da labari mai ƙulli zai iya riƙe jama'a. Sun kuma bar wani giɓi, domin da yawansu sun tsaya a rabon ganima. Mu da muke zaune da mutanen da aka kore wa shanu, aka ƙwace wa babur, mun fi su sanin abin da ke biyo baya, kuma wannan sanin jari ne da ba a saye da kuɗi. Ina fata a cikin matasanmu a sami wanda zai ci gaba da ɗauka daga inda su suka kashe kyamara.