Rajistar Ruwan Bunkure da Manhajar da Akawu Zai Gina da Kansa



Tun da aka gama dam na Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake bin babban magudani yana shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma a bayan ruwan akwai takarda: gonar wa ce, eka nawa ce, shinkafa aka shuka ko alkama ko tumatir, ya biya kuɗin ruwa ko bai biya ba. In rajista ta rikice, manomin da ke wutsiyar magudani shi ne zai kwana da ƙishi.

To, yanzu akwai wasu dandamali na kwamfuta waɗanda ma'aikaci zai haɗa manhajar ofishinsa a kansu ba tare da ya ƙware a rubuta umurnin na'ura ba. Akwai Power Apps na kamfanin Microsoft, da AppSheet wanda Google ya saya a 2020. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ODK, wanda aka yi aiki da shi a Kano wajen yaƙi da shan inna. Mutum zai jera tambayoyinsa a Excel, su koma fom a wayar hannu, a cika shi a bakin gona ko da babu intanet, in an samu sabis a tura.

Abin da ya dame ni, a matsayina na malamin Hausa, shi ne wanda zai tsara tambayoyin. Baƙon da aka ɗauko daga nesa zai buɗe gurbi ɗaya ya ce "mai gona". Alhali akawun da ya daɗe a Bunkure ya san akwai mai gado, da mai haya, da mai aro, da wanda ke riƙe da jingina, kuma ba lalle ne wanda sunansa ke rajista shi ke biyan kuɗin ruwa ba. Haka nan sunaye. Muhammadu da Mamman da Mamuda, kwamfuta ba ta san ko mutum ɗaya ne ko uku ba. Ga kuma ƙugiyar baƙaƙenmu, wadda in aka yar da ita sai Baƙo ya koma Bako. Saboda haka ra'ayina shi ne a koya wa akawu da sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa su gina abin da hannunsu, da Hausa.

Sai dai akwai haɗari. Akan yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ya tafi da sirrin manhajar a kansa. Wasu dandamalin kuma da dala ake biyansu, bayanan manoma suna ajiye a na'urar kamfani a ƙetare. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta shar'anta cewa kowace manhaja mutum biyu ne za su san gininta, kuma ƙarshen kowane rani a buga rajistar a takarda, a karanta ta a gaban manoma.