Ƙaiƙayin Karnuka: Jawabi ga Hakiman Ƙasar Daura da Malamansu

 Batun wannan jawabi shi ne ƙaiƙayin nan da ke kama kare ya ƙi barinsa. Mai yiwuwa ne wani ya ga abin bai isa a tara manya dominsa ba, gama kare ba dabbar da ake alfahari da ita ba ce, kuma ba a fitar da zakkarsa. Amma fa daga Daura zuwa Zango da Baure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, da wuya a sami ruga ko gidan maharbi ko ƙauyen bakin daji da babu kare, kuma shari'a ta yarda a riƙe shi saboda farauta da tsaron dabbobi da gona. Wanda ya riƙe dabba kuwa, haƙƙinta yana wuyansa.

Ga inda abin ya shafi hakimi. Idan ƙaiƙayi ya daɗe a jikin kare, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi miki tana wari, sai mai shi ya kore shi. Karen da aka kora yakan koma mahauta da juji da kasuwa, ba mai ciyar da shi, ba mai kai shi allura. Irin waɗannan karnuka marasa iyayen giji su ne babbar hanyar ciwon haukan kare. Watau ƙaiƙayin da aka raina a gida shi ke ƙara yawan karnukan da ke cizon yara a hanya.

Abubuwan da ke kawo ƙaiƙayi

Na farko kuma mafi tsanani shi ne ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya iya ganinsa sai da madubin likita. Tun a shekarar 1687 wasu masana biyu na ƙasar Italiya, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa ƙwaro ne ke haddasa ƙazuwa, ba ɓacin jini ba. Tamatar takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, cikin kamar mako uku 'ya'yan sun girma sun soma nasu haƙan. Takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafa da ciki, kana ta bazu. Akwai wata alama mai sauƙi: idan aka murza gefen kunnen kare, aka ga ƙafarsa ta baya ta ɗaga tana susa, to, galibi ƙazuwa ce. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, har ma takan taɓa yaran da ke wasa da shi, ko da yake a jikin mutum ba ta daɗewa muddin aka warkar da karen.

Akwai wata iri ta biyu da ta fi kama kwikwiyo da karen da yunwa ko ciwo ya raunana. Ita takan zubar da gashi a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ba ta cika ƙaiƙayi ba sai fata ta ruɓe, kuma ba ta kama mutum.

Na biyu ƙuma. Tamata ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuwa ba ya zama a jikin kare, zuba yake yi a makwancinsa. Saboda haka abin da ake gani a jikinsa kaɗan ne bisa ga abin da ke cikin ƙasa da tsumma. Wani karen jikinsa ba ya jure yawun ƙuma, cizo ɗaya ya isa ya sa shi ya ciccije gindin wutsiyarsa har jini. Idan aka taje gashinsa a kan farar takarda mai laima, aka ga baƙin gari ya koma ja, kashin ƙuma ne.

Na uku kaska, raɓi mai jini. Kaskar kare takan maƙale cikin kunne da tsakanin yatsu, in ta ƙoshi ta sauka ta shiga tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Ban da ƙaiƙayi, tana sa wa kare ciwon jini mai kawo zazzaɓi da rama.

Na huɗu tsutsar fata, wadda ta fi yawa da damina. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashi mai laimar fitsari a inuwa, tsutsar ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Cikin kwana 8 zuwa 12 ta ƙosa ta faɗo.

Sauran dalilai su ne kwarkwata, da makero wanda shi ma yana kama yara, da bushewar fata lokacin hunturu, da rashin abinci mai gina jiki. Karen da ba ya samun kome sai ƙanzo da dusa fatarsa ba ta da ƙarfin kare kanta.

Maganin da ya fi ciwon muni

Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mutane da yawa sukan shafa wa kare baƙin man mota ko kananzir, ko su wanke shi da maganin ƙwarin gona. Baƙin mai yana ƙona fata, kare kuma ya lasa ya shiga cikinsa. Maganin gona kuwa yana kashe kare, yana cutar da hannun da ya shafa shi, sa'an nan ruwan wankan ya gangara inda kaji da awaki ke sha. A zamanin En'e an yi amfani da Gamalin ƙwarai wajen kashe ƙwari, amma daga baya aka gane dafinsa yana daɗewa a ƙasa da jikin mutum, har ƙasashen duniya suka sa shi cikin magungunan da aka hana a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm a shekarar 2009. Lalle dagatai su ja kunnen jama'a game da wannan.

Magani na gaskiya

Matakin farko shi ne a san dalili. Malamin dabbobi yakan kankari fata kaɗan ya duba a madubi, in abin ya gagara ya aika da shi gaba, gama akwai asibitin koyar da likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom wadda take can tun 1924.

Ga ƙazuwa akwai allurar ivermectin, wadda ta shigo aikin dabbobi a 1981, masu gano ta kuma, William Campbell da Satoshi Omura, suka sami lambar Nobel a 2015. Ana maimaita ta bayan mako biyu, domin allurar farko ba ta kashe ƙwai. Gwargwadon nauyin kare ake yin ta, kada makiyayi ya auna da ma'aunin saniya, kuma tana da haɗari ga ƙananan kwikwiyo da wasu karnukan Turai. Akwai kuma ruwan wanka na amitraz. Shi wannan dafi ne ga doki, saboda haka kada a kusantar da shi barga, abin lura ne a ƙasar da ake ji da dawakin hawan salla. Tun daga 2013 an sami ƙwayoyin haɗiya, irin su NexGard da Bravecto, masu kashe ƙuma da kaska da ƙwaron ƙazuwa tsawon wata 1 zuwa 3, sai dai suna da tsada.

Magani a jikin kare kaɗai ba ya isa. A ƙone tsohon tsumman makwancinsa, a share wurin, a yaɓe tsagar bango, a yi wa dukan karnukan gidan magani a rana ɗaya. Kaska a kama ta kusa da fata a ja a hankali, kana a jefa ta wuta. Tsutsar fata a toshe raminta da man basilin, in ta leƙo a matse ta. A ƙara masa nono da ragowar nama dafaffe. Yaran da suka taɓa shi su wanke hannu da sabulu, wanda ƙuraje suka fito masa a kai shi asibiti.

Bambancin ƙazuwa da hauka

Kare mai ƙazuwa yana cin abinci, yana sanin mai shi, ciwonsa na makonni ne. Amma idan halin kare ya sāke farat ɗaya, ya riƙa cizon wurin wani tsohon rauni, yana dalalar da miyau, muryarsa ta canza, yana kai wa kome cizo, to, wannan ba ƙaiƙayi ba ne. A tsare shi ba tare da an taɓa shi ba, a sanar da malamin dabbobi nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a tashi. Wanda kare ya ciza a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allura, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Abin da ake roƙo

Ana roƙon kowane hakimi ya tara dagatansa da ardo-ardo da sarakunan baka da na fawa, ya bayyana musu cewa ƙazuwa tana warkewa, korar kare ba magani ba ne. Sarkin fawa ya sa a riƙa binne ƙazantar mahauta. Hakiman kan iyaka, musamman wajen Kwangwalam da kasuwar Mai'aduwa inda garkuna ke shigowa daga Nijar da karnukansu, su ƙara sa ido.

Malamin hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa: sunan ƙauye, yawan karnukan da ke da masu su, waɗanda ke da ƙazuwa, ranar da aka yi musu allurar rigakafin hauka, da duk wanda kare ya ciza. Da wannan lissafi ne ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma zai san inda zai fara. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da haukan kare, ta dace da a tara karnukan gunduma a duba fatarsu, a yi musu allura a zama ɗaya.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasar Daura lafiya, mutane da dabbobi. Haza wasalam.