Jawabi a Kan Karkacewar Ƙashin Baya

Karkacewar ƙashin baya takan bayyana tsakanin shekara 10 da 15, galibi ga 'yan mata. Ba sammu ba ne. A 1921 Katharina Schroth ta Jamus ta soma gyaranta da motsa jiki. A 1962 Likita Harrington na Amurka ya bayyana dabarar miƙe baya da sandar ƙarfe. Motsa jiki da rigar ɗauri suna taimakon ƙaramar karkata. In ta wuce digiri 50, sai fiɗa. Saboda haka ku umurci dagatai: yaron da ya sunkuya aka ga gefe ɗaya ya fi tudu, a gaggauta kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.