Abin da Ɗanmu Ya Fara Gani a Hartum

 A shirin wannan mako mun zauna da wani matashi, ɗan makiyayi, wanda mahaifinsa ya sayar da bijimai ya tura shi karatu Jami'ar Afirka da ke Hartum. Na ce masa ya ajiye zancen yaƙi tukuna, ya faɗa mana abin da idonsa ya fara gani.

Ya ce ruwa. Ku da kuke kwana a bakin rijiya da rani kuna jiran layi, ku kwatanta koguna biyu, Farin Nilu daga kudu da Shuɗin Nilu daga Habasha, sun haɗu a tsakiyar gari, wurin da ake kira Mugran, kowanne da launinsa. Ashe ma gari uku ne: Hartum, Bahri da Umdurman, gadoji suka haɗa su.

Larabcin Islamiyya kuwa bai fisshe shi ba a makon farko. Yana jero nahawu, direba na dariya yana ce masa "ya zol". Ko sauka daga mota sai da ya koya, don a can ba a buga ƙofa, yatsu ake ƙyastawa.

Inda hirar ta yi daɗi shi ne Umdurman. Wata rana da magariba ya ji ƙamshin da ya sani, ya bi. Sai ga tsire da ƙuli-ƙuli da yaji, suna kiransa agashe. Ya fara ciniki da Larabci, mai naman ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" da Hausa tsantsa, sai dai irin ta kakanni. Mutumin bai taɓa taka Kano ba. Kakanninsa sun taso a ƙafa za su Makka, suna tafe suna noma, suka tsaya a Sudan. Wasu kuma jikokin waɗanda suka yi gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Fallata ake ce musu gaba ɗaya, Bahaushe da Bafulatani, kuma ba kullum ake faɗin sunan da mutunci ba. Wannan ya sosa masa rai, ni ma haka.

To, ɗan makiyayi ai ba zai rasa zuwa kara ba. Ya je Muwailih, yamma da Umdurman. Raƙuma ana lodin su Masar, tumaki masu dogon wutsiya ana kai su Bur Sudan a haye da su Saudiyya. Dillalan, in ji shi, kamar namu ne sak, har rantsuwar iri ɗaya.

Sai ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin azumi, soja da dakarun RSF suka fara harbin juna a tsakiyar birnin. Yana cikin ɗaliban Najeriya da aka kwasa a manyan motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su wuce. Littattafansa suna can. Bijiman ba su dawo ba, digirin bai ƙare ba, yanzu yana taya yayansa saye da sayarwa a kasuwar Jibiya.

Na tambaye shi ko zai koma in ƙura ta lafa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai labarin mai agashen nan yake nema, ko yana raye.

Iyayen da ke da 'ya'ya da suka dawo daga Sudan ba su samu gurbin ci gaba da karatu ba, ku kira mu a shirin mako mai zuwa.