Jawabi Kan Ciwon Razana Da Ke Biyo Bayan Tarzoma

Wannan jawabi ya shafi wani ciwo ne wanda ido ba ya gani, watau razanar da kan zauna a zuciyar mutum bayan ya tsira daga masifa.

Mutanen Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna sun ga tashin hankali ba sau ɗaya ba. A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya. Aka yi na Zangon Kataf a 1992. Sa'an nan ga na watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, ya yi tsanani ƙwarai a Zonkwa da Kafanchan. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu. Akan ƙidaya gawa, akan ƙidaya gidajen da suka ƙone, amma wanda ya fita da rai ba rauni a jiki, sai a yi masa barka a wuce.

Wannan giɓi ne Farfesa Taiwo Lateef Sheikh ya duba. Shi likitan ƙwaƙwalwa ne na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma taɓa shugabantar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Shi da abokan aikinsa suka shiga sansanin waɗanda rikicin 2011 ya kora zuwa garin Kaduna, suka yi wa manya 258 tambayoyi. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna kimanin mutum huɗu cikin kowane goma na fama da alamun wannan ciwo, alhali an daɗe da kwance damara. Ya fi kama waɗanda aka kashe musu ɗan uwa a gabansu.

Alamunsa sanannu ne. Abin da ya faru yakan riƙa dawo wa mutum a mafarki, ko da rana tsaka, kamar yanzu ake yi. Yakan guji hanyar da abin ya auku, ko da ita ce hanyar gonarsa. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar salansar babur ta sa shi zabura, fushi ya zo ba dalili. Yaro kuwa yakan koma fitsarin kwance, ko ya ƙi makaranta. Galibi razana kan lafa da kanta cikin 'yan makonni. In ta wuce wata guda tana hana mutum neman abincinsa, to, lalle a kai shi asibiti. Da yawa akan ce iska ce ko sammu, wasu su ce raunin imani ne. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yakan sa mai ciwo ya yi shiru, wani ma ya koma ga ƙwaya don ya sami barci.

Likitocin Amurka sai a 1980 suka sa wannan ciwo cikin kundinsu, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Amma tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya fi saurin samun sauƙi in yana zaune cikin jama'a, da wani nasa a kusa. Saboda haka aikin dangi shi ne su tabbatar masa da wurin kwana mai aminci, su saurare shi in ya so magana, kada kuwa su tilasta shi in bai so ba.

Farfesa Sheikh na cikin likitocin da suka yi ta faɗi-tashi a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma haramta nuna wa mai irin wannan ciwo bambanci wajen aiki ko wajen neman magani.