Tashar Jirgin Ƙasa ta Idu

 

Yau hirar tamu a kan tashar jirgin ƙasa ta Idu ce, da ke Abuja. Wata za ta ce, ni da nake cikin kulle, ina ruwana da tasha? To uwargida, tafiya ba ta yin sallama. Ran nan sai a ce 'yarki ta haihu a Abuja, ko likita ya tura ki babban asibiti, ko kuma Allah ya kira ki Umara ta filin jirgin saman can. Gara ki san hanya tun kina ɗakinki.

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1911 ya iso Kano, shi ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa kudu. Amma na Idu sabon dogo ne, ya fi na da faɗi. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, tsawonsa kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa a Kaduna. Marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2016.

Abin lura shi ne, jirage iri biyu ne ke haɗuwa a Idu. Akwai wannan na Kaduna, wanda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ke kula da shi. Akwai kuma na cikin gari, na hukumar birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2018. Shi wannan yana da tashoshi 12. Daga Idu yana kai mutum tsakiyar birni, ko filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ko ɓangaren Kubwa. Ya tsaya cik a 2020 lokacin annobar korona, sai a watan Mayun 2024 aka dawo da shi. Kowanne da tsarinsa, tikitin na Kaduna ba ya shigar da ke na cikin gari.

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar nan ta ga tashin hankali. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tare jirgin da ya taso daga Abuja, suka kashe mutane, suka tafi da wasu daji, har da mata da ƙananan yara. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Da jirgin ya dawo aiki a watan Disamba na wannan shekarar, sai aka ƙara tsaro, aka kuma sa doka cewa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ake sayen tikiti.

Nan fa maganar ta shafe mu. Mata da yawa na cikin gida ba su yi wannan rajista ba, ana ganin ai ba inda za su. Lambar maigida kuwa ba za ta tsaya miki ba, kowa da tasa. Don haka ki nemi izininsa cikin ladabi, ya kai ki ki yi tun ba a shiga matsi ba. Iyaye maza da ke sauraronmu ta bayan labule, don Allah a taimaka.

Tun 2021 ana sayen tikiti ta intanet, a wayar hannu. Idan ba ki iya ba, ɗanki ko ƙaninki ya saya miki, amma da sunanki, yadda yake a katinki. Ku guji masu zagayawa a bakin tasha suna cewa suna da tikiti a hannu, kuɗin ya ninka, sunan kuma na wani.

Ranar tafiya a fita da wuri, don Idu tana bayan gari, kuma sai an duba kaya kafin a shiga. Jirgi ba motar haya ba ne da za a ce direba ya dakata Hajiya na zuwa. A bakin dogo ki riƙe hannun yaro gam. A cikin tarago akwai na'urar sanyi, mai goyo ta riƙo tawul ko zane mai kauri, akwai kuma bayan gida. In daga Kaduna kike, 'yan uwanki kuma suna Kubwa ko Bwari, ki sauka a tashar Kubwa, ba sai kin ƙarasa Idu ba.

Nan za mu dasa aya. Wadda ta ji, ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciya. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.