Aure Ya Ɗauru, Amma Ina Shaida?

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya a Suleja



An nemi in yi bayani kan bizar aure, ganin yaranmu da dama suna aiki a Ingila, kuma suna son ɗaukar iyalinsu. Abuja dai ga ta nan a bakin ƙofarmu, amma kusanci da ofis ba ya ba da biza. Takarda ke bayarwa.

A wurinmu, in waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, aka biya sadaki gaban shaidu, aka shafa fatiha, to aure ya ɗauru. Ingila ma ta amince da auren da ya halatta a ƙasar da aka ɗaura shi. Sai dai fa jami'in biza bai ci goron ɗaurin auren ba. Abin da aka ajiye gabansa shi zai duba. Saboda haka a karɓi takardar shaidar aure a kotun shari'a tun da wuri, a adana katin gayyata, hotuna, rasit ɗin kuɗin cefane da aka aiko, da hatimin fasfo na zuwa ganin gida. Wajibi ne kuma a nuna an taɓa haɗuwa ido da ido, ko da ango yana waje aka ɗaura.

Su Turawa suna da wata ƙofa ta waɗanda ba su yi aure ba, kusan abin da mu ke kira zaman dadiro. Daga Janairun 2024 ba dole sai sun zauna gida ɗaya ba, amma sai sun tabbatar da shekara 2 suna tare tamkar ma'aurata. Jama'a, kada wani dillali ya tsara wa 'yarku labarin ƙarya don ta bi ta nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in aka gano ana iya hana ta shiga har shekara 10. Waɗanda aka yi wa baiko suna da tasu bizar ta wata 6, a ɗaura aure a can.

Sauran sharuɗɗa: kowannensu ya kai shekara 18, a yi jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka. A Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar mai ɗaukar nauyi daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara.

Abu biyu a kiyaye. Dokar Ingila ta 1988 ta toshe wa mace ta biyu hanya muddin uwargida ta riga ta zauna can. Sannan auren rajista na gwamnati auren mace ɗaya ne a dokar Nijeriya, don haka a tuntuɓi malami da lauya kafin a sa hannu.

Iyaye, da rashin tayi akan bar arha. Wanda ya aurar da 'ya bana, ya nemi takardar bana. Allah Ya ba da zaman lafiya. Wassalam.